Ɗorin Ƙafa Mai Lafiya

Ni mutumin Kiru ne, amma ƙafata ba ta taɓa yarda da zama wuri ɗaya ba. Tun ina saurayi na bi motar gyaɗa na bar gida, na yi Zariya, na yi Bukuru, daga baya har bakin teku na je. A Bukuru na koyi gyaran injin ruwa a hannun wani makanike, a can kuma na koyi ƙwallo, wadda a lokacin tamaula muka fi ce mata. Akwai abu na uku da na koyo a can, shi ne zan ba da labarinsa, ko da yake har yau in na tuna sai in ji kamar in ja hula in rufe fuska.

A filin Bukuru akwai wani siririn ɗan wasa, in ya ga ƙato ya taso masa kusa da raga, tun kafin a taɓa shi sai ya zube, ya kama ƙauri yana birgima yana ihu. Alƙali ya busa usur, a ba su bugun daga kai sai gola. Ƙwallo na shiga sai ka ga gurgun nan ya miƙe yana tsalle. Mutanen wurin sun saba da shi, dariya kawai suke yi suna ce masa ɗan duniya. Ni kuwa abin ya burge ni, na naɗe na sa a aljihu.

Shekaru kaɗan kafin Turawa su ba mu ƙasa na samu aiki a Riruwai, wajen haƙar kuza. Aikina kula da injin da ke zuƙe ruwa daga rami. Injin nan tsoho ne mai taurin kai, ni kaɗai na san inda ake lallashinsa, saboda haka Manaja, wani Bature mai jan wuya, yake ji da ni. Ni ma ina ji da kaina. Ina da agogo, ina da tabarau, ina kuma da takalmin ƙwallo mai ƙusa, irinsa uku ne kacal a barikin duka.

Manajan nan shi ya sa aka share fili a bayan bariki, aka kafa gora biyu nan, biyu can. Bayan Sallah ƙarama ya ce a yi wasa tsakanin 'yan inji da ofis, wato mu, da leburorin rami. Shi ne alƙali. Kafin a fara ya tara leburori ya ja musu kunne, ya ce duk wanda ya ji wa ma'aikacin inji rauni ya bar aiki ke nan, don in ruwa ya cika rami ba da tafin hannu za a kwashe ba. Kowa ya yi dariya, har su leburorin.

Mai tsaron bayansu wani dogon Bafillace ne daga wata ruga kusa da Falgore. Ciwon huhu ya cinye shanun gidansu, ya bar su da uku ko huɗu, shi ne ya zo ya ɗauki diga don ya ciyar da tsofaffinsa. Bai fi wata biyar da sanin ƙwallo ba, ƙafa ba takalmi yake buga ta, amma wanda ya saba tare maraƙi a daji tare ɗan Kiru ba ya ba shi wahala. Duk inda na bi sai in tarar da shi tsaye yana murmushi. Na yi masa yankan Bukuru, ya miƙa doguwar ƙafar nan ya zare ƙwallo. Na sake, ya sake. Daga bakin fili 'yan mata masu tallan gyaɗa suka fara waƙa, wai mai takalmi ya ba mai faso aron takalmi ko a samu ci.

An kusa tashi, ba wanda ya ci. Aka turo mini ƙwallo kusa da ragarsu, na hango shi ya taho. Wallahi bai taɓa ni ba. Iskar rigarsa ce kawai ta wuce ta gefena. Na yi sama na dawo ƙasa, na kama ƙaurina na dama da hannu biyu, na kwarara ihu: “Wayyo Allah! Ya karya ni! Wayyo Inna!” Na yi birgima uku, kamar yadda na ga ana yi.

Manaja yana can tsakiyar fili yana haki, bai ga komai ba sai ƙura. Ya busa usur. Abokin wasana ya buga, ta shiga. Ni kuma ina kwance ina jiran a yi dariya in miƙe.

Ba wanda ya yi dariya. Abin da ban lissafa ba shi ne nan ba Bukuru ba ce. Mutanen nan manoma ne da makiyaya da 'yan rami. A wurinsu namiji mai gemu ba ya kiran uwarsa a gaban mata sai in ƙashi ya ɓullo waje. Wanda fartanya ta sare shi ƙasa yake barbaɗawa ya ci gaba da noma. Da suka ji irin ihun da na yi, ba wanda ya yi ko tantama. Fili ya cika da salati. Wata tsohuwa mai fura ta aje ƙwarya ta ɗora hannu a ka. Na buɗe ido ɗaya na ga Bafillacen durƙushe a kaina, yana cewa, “Makanike, ka yafe ni. Ban ji na taka ka ba, amma ka yafe ni.”

A nan ya kamata in tashi in kakkaɓe riga. Sai na dubi 'yan matan nan, na dubi Manaja da ya iso wuyansa ya ƙara ja, na ce a raina bari mutane su ɗan ragu tukuna. Manaja ya nuna Bafillacen da yatsa, ya ce da helma, wato shugaban leburori, kada ya ƙara ganin wannan a bakin rami. Ya ce a kai ni asibiti, aka ce motar ba ta dawowa sai jibi. Kafin ya gama tunani an cire ƙyauren wani shago an ɗora ni a kai. Mutum huɗu suka ɗauka, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda aka kora saboda ni. Aka nufi gidan mai ɗori a wani ƙauye a hanyar Doguwa, ina sama kamar gawa, ina nishi lokaci lokaci don kada a ce na yi shiru da wuri.

Mai ɗorin tsoho ne ƙanƙane, da hannuwa kamar saiwar itace. Ɗori gadonsu ne tun kakanni. Aka kwantar da ni a zaurensa, ya kori mutane waje, ya ce su ba shi iska. Ya yi bisimilla, ya bi ƙafar da yatsu daga gwiwa har idon sawu, ya dawo. Ya ce, “Ɗana, ina ne ke ciwo?”

Na nuna. Ya danna wani wuri can ƙasa, na yi ƙara.

Ya ce, “Af. Ɗazu ba nan ka nuna ba. Ciwon naka yawo yake yi?”

Ya matso da bakinsa kusa da kunnena, ina jin warin goro, ya ce, “Ƙashin nan ya fi nawa lafiya. Ni ba na tona asirin wanda aka shigo da shi zaurena. Za ka fita ka gaya musu da bakinka, ko in ɗaure?”

Ina jin hayaniyar mutane a waje, sun fi hamsin, har da waɗanda suka bar abincinsu a wuta suka biyo mu. Na ce, “Ɗaure, Baba.”

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, “To. Amma ka sani, ɗorina da kaza yake tafiya.”

A gidan nan al'adarsu ita ce, in za a ɗora mutum sai a karya ƙafar kaza, a ɗora su tare. Ranar da kaza ta taka, ranar mai karaya zai taka. Na san da wannan, na sha ji tun ina yaro, amma na manta da shi sai da tsohon ya leƙa waje ya ce a kawo kaza. Bafillacen ne ya ce shi ya kamata ya kawo. Ya shiga ƙauyen, ya cire hularsa mai kyau ya bayar, ya dawo da wata wake-wake a hammata, kansa ba hula.

Aka bar mutane suka shigo. Tsohon ya zauna a gabana, ya kama ƙafar kazar ta dama da yatsu huɗu. Bai karya nan da nan ba. Ya tsaya yana kallona, yana jira. Na san abin da yake jira. Na juya fuskata wajen bango. Sai na ji ɗan ƙas, kamar an karya tsinken tsintsiya, kazar ta yi kuka sau ɗaya ta yi shiru. Ita da aka karya da gaske ko rabin ihuna ba ta yi ba.

Ya shafa mini man shanu, ya yi tofi, ya jera tsagaggen gora, ya ɗaure da sawaye, siraran ƙyallayen saƙin nan. Na rantse ya fi ƙarfafa ɗaurin fiye da yadda ake bukata. Ita ma ya yi mata nata da 'yan tsinkaye, aka kife ta da kwando kusa da tabarmata.

Haka na zauna a zauren nan, ni da kaza. Kullum da safe tsohon zai shigo ya ɗaga kwando ya gaishe ta tukuna. “Baiwar Allah, an tashi lafiya? Yaya ƙafar? Sannu, ke kam kin ji jiki.” Sannan ya juyo: “Kai kuma fa, maƙwabcinta? Yau a ina ciwon ya kwana?” In da mutane a wurin sai su ce Baba da barkwanci yake. Ni kaɗai na san inda yake sukata.

Masu dubiya kuwa ba su yanke ba. Labari ya isa kasuwar Tudun Wada cewa na karye, ya isa Bebeji cewa na karye biyu, kafin ya kai Kiru an yanke ƙafar. Baffana ya taso a kan jaki, kwana biyu a hanya, ya kawo mini gumba da saƙon Inna cewa ba ta iya cin abinci. Ya ga ƙafa tana nan, ya yi hamdala har da hawaye. Na ci gumbar.

Duk wannan da sauƙi a kan Bafillacen. Tun da ba shi da aiki, sai ya mai da ni aikinsa. Kullum hantsi ya iso da 'yar ƙwarya ta kindirmo, daga sauran shanun nan uku ko huɗu, wanda na san na bakin tsofaffinsa ne. In zan zaga bayan gida shi ke goya ni. Ƙato da ni, ƙafa biyu lafiyayyu, ina bayan mutumin da na raba da abincinsa, yana taka ƙasa a hankali don kada ya girgiza ni. Wata rana ya cire riga zai yi alwala na ga tabon bulala a haƙarƙarinsa, layi layi. Na tambaya, ya ce na shaɗi ne, wasan nan da samarin Fulani ke tsayawa a zane su ba su motsa ba.

Na ce, “Ba ka yi kuka ba?”

Ya yi dariya. “Kuka? A gaban 'yan mata? Ai da na bar ƙasar.” Sai ya daina dariyar, ya dubi ɗaurin ƙafata. “Shi ya sa da na ji muryarka ran nan na san na yi ɓarna. Namiji ba ya irin wannan ƙara a banza.”

Tsohon yana gefe yana feƙe gora. Bai ɗago ba, ya ce, “Haka ne, ɗan Fulani. Ba ya yi.”

Na tambayi Bafillacen maganar aiki. Ya ce ya je wajen helma sau biyu, helma ya ce ba yadda zai yi, maganar Bature ce, ya kuma riga ya ba wani digarsa. Na ce kada ya damu, da na warke zan je in roƙi Manaja. Dabarar da na shirya ke nan a raina: in jira kaza ta taka, in taka tare da ita, in je in yi roƙo a matsayin mai yafiya, kowa ya ce makanike mutumin kirki ne. Har kallon kazar nake yi ta ramukan kwando ina ce mata ta yi sauri.

Ran kwana na goma sha ɗaya Bafillacen ya zo ba da ƙwarya kaɗai ba, har da sandarsa. Ya zauna ya yi gaisuwa doguwa, sannan ya ce sallama ya zo yi. Gero ya ƙare a gida. Wani mai shanu da yawa yana neman makiyayi da zai bi masa garke zuwa kudu, baffansa ya yi masa magana, jibi za su tashi. Ya ce abin da ke damunsa kawai shi ne zai tafi bai ga na taka ba. Ya ce, “Ka yafe ni da gaske, Makanike? Kada in tafi da haƙƙinka.”

Na ce, “Na yafe.”

Da bakina na faɗa. Ya yi godiya, ya tashi ya tafi.

Tsohon ya shigo ya tsaya a kaina. Wannan karon bai gaida kaza ba, bai yi wasa ba. Ya ce, “Na ɗora ɓarayi da suka faɗo daga katanga, na ɗora wanda ya karye wajen bin matar wani. Duk ban ji nauyin man shanuna ba sai a kanka.” Ya aje wuƙarsa a kan tabarma kusa da hannuna, ya fita.

Ko a nan ma ban tashi nan take ba. Sai da na ƙara kwana, ina ta juya yadda zan faɗi maganar ta fito da kyau. Ba ta da hanyar fitowa da kyau. Da gari ya waye na yanke sawayen, na miƙe. Ƙafar ta yi tsami don zama, na fita ina ɗingishi na gaskiya. Matan da ke bakin rijiya suka bi ni da kallo, ɗaya ta ce, “Ikon Allah, ya riga kazar!”

Na sami Manaja a bakin injin, hannunsa duk baƙin mai, ruwa ya kai gwiwa a rami. Na gaya masa komai. Na zaci zai kore ni. Ya dube ni, ya dubi injin, ya ce in tayar da shi tukuna. Da injin ya tashi sai ya fashe da dariya, ya ce a ƙasarsu ma akwai irina. Ya ce dogon ya dawo aiki ran Litinin. Dariyar nan ta fi mini zafi a kan mari, don helma da leburori suna tsaye suna ji, su kuwa ba wanda ya ko murmusa. Helma ya tofar da yawu gefe ya ce su koma aiki.

Na ari keke na kama hanyar Falgore, ta cikin daji, ina tambayar rugar. Na isa bayan azahar. Bukkoki uku ne, da 'yan shanu a ƙarƙashin wata ɗorawa. Bafillacen yana tsugune yana ɗaure tabarma da buta, tsohonsa na zaune a kan buzu. Da ya ga ni ne a kan keke sai ya miƙe, idonsa a kan ƙafata. Ya ce, “Alhamdu lillahi! Baba mai ɗori ya iya aiki!”

Na sauka, na durƙusa na gaida tsohon, aka yi jam jam irin gaisuwar Fulani aka gama. Sannan na ce ba ɗori ne ya yi aiki ba. Na ce ban taɓa karyewa ba, bai ko taɓa ni ba, faɗuwa na yi da gangan don a ba mu bugu. Na ce Manaja ya ce ya koma ran Litinin.

Tsohon ya tambayi ɗansa da Fillanci, ɗan ya mayar masa a gajarce. Sai tsohon ya juyo gare ni da Hausarsa mai taushi, ba faɗa a ciki, tambaya ce kawai ta wanda bai gane ba. Ya ce, “Yaro, ka ce ba ka ji ciwo ba?”

“Ban ji ba, Baffa.”

“To kukan fa?”

Na buɗe baki in yi masa bayanin bugun daga kai sai gola, na ga ba zai yiwu ba. Na sunkuyar da kai.

Na sake ce wa ɗan ya dawo, aikinsa na nan. Ya koma ya tsuguna ya ci gaba da ɗaure tabarmarsa. Ya ce ya riga ya ba mai shanu baki a gaban baffansa, ba a kwance wannan. Da ka zo shekaranjiya, in ji shi, da wata magana ce. Ya ja igiyar ya ƙulle. Ya ce, “Kuma ko na koma, Makanike, in wani ya faɗi a rami yana ihu, tsayawa zan yi ina tunani ko in ɗaga shi. Gara shanu.”

Uwarsa ta fito daga bukka da ƙwarya, ba ta san abin da ake ciki ba, ta dai ga baƙo. Ta aje mini nono a gabana ta ce in sha, hanya da nisa. Na dubi tsohon, ya ɗaga mini kai alamar in sha. Na sha, don ƙin sha wani cin fuskar ne a kan na farko.

Da na tashi tafiya ɗan ya raka ni kamar yadda ake raka kowane baƙo. Ya karɓi keken ya tura mini har bakin turba. A nan ya miƙo mini, ya nuna mini inda zan karkata don kada in faɗa cikin fadama. Na ce ya yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mana duka, yana kallon hanya. Washegari da asuba suka tashi da garken, ni kuma na koma bakin injina.